Garuruwan da Rami Ya Ƙafe Musu: Tarihin Kasuwar Kirsimeti a Duwatsun Jamus

Da zarar Disamba ta kama, hotunan kasuwannin Kirsimeti na ƙasar Jamus sukan cika mana waya: rumfunan katako a jere, fitilu ko'ina, dusar ƙanƙara a kan rufin gidaje, mutane sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi suna zagayawa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasu masu hali ne suka ƙirƙiro abin don nishaɗi. Yau za mu bi sawun wannan kasuwa zuwa wani yanki guda, wato duwatsun Erzgebirge da ke kan iyakar jihar Saksoni ta Jamus da Jamhuriyar Cek, inda ƙananan garuruwa irin su Seiffen da Annaberg da Schneeberg suke karɓar dubban baƙi a kowace Disamba. Sunan yankin kansa yana nufin duwatsun ma'adinai. Abin da za mu gani shi ne, kusan duk wani kaya da ke kan rumfunan nan ya samo asali ne daga rayuwar mahaƙa, da kuma halin da suka shiga lokacin da ramukansu suka daina ba da arziki.

Kasuwar nama ta yini ɗaya

Mu fara da ita kasuwar. A shekarar 1434 mai mulkin Saksoni, Friedrich na Biyu, ya ba birnin Dresden izinin cin kasuwa ta yini ɗaya gab da Kirsimeti, domin mutane su sayi naman da za su ci ranar biki. Kafin nan ma, a 1384, garin Bautzen ya sami irin wannan izini na kasuwar nama. Dalilin kuwa, a wancan zamani Kiristocin Turai sukan yi makonni suna kame baki daga nama da man shanu kafin Kirsimeti, don haka idan biki ya matso kowa sai ya nufi mahauta. Duk wanda ya san yadda kasuwar jajibiri take cika a garuruwanmu zai gane yanayin.

A hankali kwanakin kasuwar suka ƙaru, masu gasa burodi da masu tukwane da masu saƙa suka shigo. Kasuwar Dresden ta samo sunanta, Striezelmarkt, daga wani burodi da ake kira Striezel, wanda yau aka fi sani da Stollen. Shi ma burodin yana da labari. Da farko gari ne da ruwa da yis da ɗan man girki, ba wani armashi, tunda dokar coci ta hana sa man shanu a kwanakin kamun baki. Sarakunan Saksoni suka kai kuka wajen Fafaroma, har a 1491 Fafaroma Innocent na Takwas ya aiko da takardar da ta shahara da sunan wasiƙar man shanu. Ta halatta musu, amma da sharaɗin masu amfani da shi su riƙa biyan wani abu don ginin babbar majami'ar Freiberg. Daga nan burodin ya samu man shanu, daga baya aka ƙara zabibi da sukari. A 1730 Sarki August, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Ƙarfi, ya sa aka gasa masa guda ɗaya mai nauyin kusan tan 1.8 don baƙin da ya tara a wani gagarumin bikin sojoji a Zeithain.

Wani canjin ya zo ta hannun Martin Luther da mabiyansa a ƙarni na 16. A da ana yi wa yara kyauta ne ranar 6 ga Disamba, ranar tunawa da waliyyi Nikolas. Mabiya Luther ba su son girmama waliyyai, sai suka mayar da kyautar zuwa daren Kirsimeti. Wannan ya sa kasuwar ƙarshen Disamba ta zama wurin sayen kayan yara. Mu riƙe wannan, domin ita ce ƙofar da mutanen duwatsu za su shigo ta cikinta daga baya.

Azurfa ta kafa garuruwa

Har zuwa ƙarni na 12 yankin Erzgebirge ƙungurmin daji ne mai tsananin sanyi, ƙasarsa ba ta noma sosai. A 1168 aka gano azurfa a wurin da ya zama garin Freiberg, mutane suka yi ta kwararowa. Bayan shekara ɗari uku aka sake yin wani gamon: Schneeberg a 1470, sai Annaberg da aka kafa a 1496, sai Marienberg a 1521. Cikin 'yan shekaru Annaberg ya shiga sahun manyan garuruwan Saksoni, ya gina katafariyar majami'ar da har yau take tsaye, kuma a bayan ɗaya daga cikin bagadanta akwai zanen da ke nuna mahaƙa suna aiki, daga haƙa har zuwa narka azurfa da buga kuɗi.

A ɗaya gefen dutsen, ɓangaren Cek na yanzu, akwai garin Joachimsthal. Wajen 1520 aka fara buga wani babban tsabar azurfa a can, ana ce masa Joachimsthaler. Baki ya gajarta sunan ya koma taler, daga taler aka sami sunan kuɗin Amurka da muke kira dala. Tsabar azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, wadda ta yi yawo a kasuwannin Kano da Kukawa a ƙarni na 19, ita ma taler ce. Idan ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ya ce dala goma, kalmar da ke bakinsa daga wannan kwari ta taso.

To amma shi mahaƙin da ke fito da azurfar, yaya rayuwarsa take? A watan Disamba rana ba ta fitowa a yankin sai wajen ƙarfe takwas na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu da ɗan wani abu na yamma ta faɗi. Mahaƙi yakan shiga rami da duhu, ya fito da duhu, sai ya yi kwanaki bai sa rana a idonsa ba. Abin da ke tsakaninsa da halaka shi ne 'yar fitilar da ke hannunsa. Ruftawar rami da ambaliyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa ba baƙin abu ba ne. Akwai kuma wata cuta da ke cinye ƙirjin mahaƙan Schneeberg tun suna da sauran ƙuruciya, har aka sa mata sunan garin. Sai a 1879 wasu likitoci biyu, Härting da Hesse, suka tabbatar ciwon daji ne na huhu, daga baya aka gano iskar radon da ke cikin ramukan ce sanadi. Gaisuwar mutanen yankin har gobe ita ce Glück auf, wato fatan dutse ya buɗe da arziki, mai shiga kuma ya fito lafiya.

Da rami ya ƙafe

Daga ƙarshen ƙarni na 16 al'amura suka fara juyawa. Jijiyoyin azurfa na kusa suka ƙare, sai an nutsa ƙwarai kafin a samu, ga kuma azurfar da Sifaniyawa ke kwasowa daga Kudancin Amurka, musamman dutsen Potosi da aka gano a 1545, ta karya farashi. Yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Garuruwa cike da mutane, ƙasa ba ta noma, rami ba ya biya. Masu iya magana suka ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mata ne suka fara nemo mafita. A Annaberg wata attajira mai suna Barbara Uthmann, wadda ta rasu a 1575, ta ɗauki ɗaruruwan mata aikin saƙar leshi da adon bakin tufafi, sana'ar ta bazu gida-gida har ta zama abin da ke riƙe da iyalai da yawa. Mutum-mutuminta yana tsakiyar kasuwar garin, kuma a kewayensa ake kafa rumfunan Kirsimeti.

Maza kuwa suka juya ga abin da dajin ya fi yawa da shi, wato itace. A nan ne garin Seiffen ya shigo labari. Ƙaramin gari ne mai mutum kusan dubu biyu, tafiyar kamar kilomita 60 daga Dresden. An fara ambatonsa a rubuce a 1324, kuma sunansa ya fito ne daga kalmar da ke nufin wanke ƙasa a rafi don tace kuza. Wanda ya taɓa ganin masu wankin kuza a Bukuru ko Barikin Ladi, ya kuma ga kududdufan da kamfanoni suka tafi suka bari, ya san irin aikin, ya kuma san yadda gari yake komawa idan kuza ta ja baya. A Seiffen ta yi ta raguwa har aka rufe ofishin ma'adinai na garin a 1849. Amma tun wajen 1650 akwai masu juya katako a garin, suna yin akussa da maɓallai da mazari. Da ramuka suka mutu, sai aka mayar da injinan da ruwa ke juyawa, waɗanda a da suke daka duwatsun kuza, suka koma juya itace.

Wajen shekarar 1800 masassaƙan yankin suka fito da wata dabara da ta sa suka gagari kowa a araha. Sukan ɗora guntun ɗanyen itace a kan injin juyawa, su sassaƙe shi ya zama zobe kamar taya. Mai kallo ba zai ga komai ba sai zobe mai kwarmi da tudu. Amma idan aka sa wuƙa aka yanka zoben kamar ana yanka burodi, kowane yanki sai ya fito da siffar doki ko saniya ko raƙumi. Daga zobe ɗaya a sami dabbobi gommai. Gwanintar tana wajen mai juyawa, domin ba ya ganin dabbar da yake sassaƙawa sai bayan an yanka, da ido da hannu kawai yake auna ta. Da wannan dabara suka riƙa cika jirgin Annabi Nuhu na wasan yara da dabbobi bibbiyu, ana kai shi har Ingila da Amurka.

Kada mu ɗauka sun yi kuɗi da wannan. Aikin na cikin ɗaki ne, uba yana yanka, uwa tana gogewa, yara suna shafa fenti har dare. 'Yan sari na garuruwan Olbernhau da Grünhainichen su ke sayen kayan a farashin da suka ga dama, su kai Nuremberg da Leipzig su ci riba. Yaran da ke yi wa 'yan tsana fenti sau da yawa ba su da tasu. Da wasu ƙasashe suka koma karɓar harajin kwastan bisa nauyin kaya, itace kuma ya yi tsada, sai masassaƙan suka ƙanƙanta aikinsu. A farkon ƙarni na 20 suka fara yin ɗaki guda da kujerunsa da mutanensa a cikin kwalin ashana. Baƙo yakan saye shi yau don sha'awa, alhali matsi ne ya haife shi.

Abin da ke kan rumfa

Yanzu mu zagaya rumfunan, mu ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko da ido zai fara gani, a rumfa da kuma tagar kusan kowane gida, shi ne wani baka mai kyandirori a jere a bayansa, ana ce masa Schwibbogen. Mafi tsufa da aka sani na ƙarfe ne, an ƙera shi a garin Johanngeorgenstadt, yana ɗauke da shekarar 1740. Ana danganta shi da al'adar aikin ƙarshe kafin Kirsimeti. A ranar, heluma yakan tashi mutanensa da wuri, su taru a ɗakin da ke bakin rami, su rataye fitilunsu a jere kamar baka, su yi addu'a, su ambaci waɗanda rami ya ci a shekarar, sannan a ci abinci tare. Fitila a taga kuwa tana haska wa mai dawowa gida hanya cikin dusar ƙanƙara. Zanen da aka fi gani a cikin bakan an yi shi ne a 1937, aikin wata mai zane Paula Jordan, kuma yana nuna mahaƙa biyu a tsakiya, masassaƙi a gefe, mai saƙar leshi a ɗaya gefen. Tarihin tattalin arzikin yankin ke nan a cikin hoto ɗaya.

Na biyu, mutum-mutumin mahaƙi da na mala'ika, kowanne riƙe da kyandir. Bisa al'ada, uba yakan sassaƙa wa ɗansa namiji mahaƙi, 'yarsa kuma mala'ika. Idan Kirsimeti ta zo sai a jera su a taga, mai wucewa ya ƙirga ya san 'ya'ya nawa ne a gidan, maza nawa mata nawa.

Na uku wata hasumiyar katako ce mai hawa-hawa, da fukafukai a samanta kamar fanka. Idan aka kunna kyandirorin da ke ƙasa, zafinsu ya tashi ya bugi fukafukan, sai hasumiyar ta riƙa juyawa da mutanen da aka jera a kowane hawa: makiyaya da tumaki da mahaƙa da masu kaɗe-kaɗe. Masana tarihin yankin suna kwatanta ƙirarta da injin da dawaki ke zagayawa da shi don jawo kaya daga cikin rami. A da abin cikin ɗaki ne, sai a 1933 aka kafa babba ta farko a fili a ƙauyen Frohnau kusa da Annaberg. Yau da wuya a sami gari a yankin da ba shi da tasa a dandali, kuma ranar da za a fara juya ta biki ne na musamman. Ta kasuwar Dresden ta haura mita 14.

Na huɗu shi ne wanda duniya ta fi sani: mutum-mutumi mai zare ido da manyan haƙora, wanda ake sa masa 'ya'yan itace masu taurin ɓawo a baki, a danna wani maɗauki a bayansa ya fasa. Wani masassaƙin Seiffen, Wilhelm Füchtner, shi ya fitar da siffar da aka sani wajen 1870, kuma zuriyarsa suna kan sana'ar a garin har yanzu. Mu lura da waɗanda ake sassaƙawa: sarki, soja, ɗan sanda, mai gadin daji. Waɗannan su ne masu iko da talakan dutse, su ke karɓar haraji, su ke kama shi idan ya saro itace. Sai ga shi a kan teburinsa ya sa su aiki mafi wuya, suna fasa masa ƙwara da haƙoransu. Zambo ne da ba a iya kai mutum ƙara a kansa. Labarin da marubuci E.T.A. Hoffmann ya wallafa a 1816, da wasan rawa da Tchaikovsky ya yi wa kiɗa a 1892, su suka ƙara yaɗa sunan wannan ɗan tsana a duniya.

Kusa da shi za mu ga abokin burminsa, ɗan tsana mai lofe a baki. Cikinsa rami ne, ana buɗe shi a sa turaren wuta, hayaƙi ya riƙa fita ta bakinsa. Shi kuma ba a yin sa da siffar masu mulki. Talakawa ne: mahaƙi, makiyayi, ɗan koli, mai kai wasiƙa, fuskarsu a sake. Masu iko suna cizo, talakawa suna hutawa. Masassaƙan sun faɗi ra'ayinsu ba tare da sun rubuta ko harafi ɗaya ba.

Na ƙarshe yana kasuwar Dresden, inda mutanen Seiffen suke kai kaya tun farkon ƙarni na 19. Ɗan mutum ne da aka yi da busassun 'ya'yan itace baƙaƙe da aka soke a tsinke, da doguwar hula da ɗan tsani. Yau alamar sa'a ce. Asalinsa kuwa hoton yaran nan ne ƙanana, galibi marayu, da ake turawa cikin bututun hayaƙin gidaje su share. Kuma yaran talakawa ne suke tallarsa a cikin sanyi, da faranti rataye a wuya, har aka hana tallar yara a kasuwar a 1910.

Ƙarni na 20

Siyasa ba ta bar kasuwar ba. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sun ga amfanin bikin wajen jan hankalin jama'a. A shekarar ne hukumomin Nuremberg suka dawo da kasuwar birnin babban dandali bayan ta daɗe a gefe, aka kuma yi ƙoƙarin rage wa bikin kamannin addini a mayar da shi na ƙabila. Masassaƙan Erzgebirge sun sami kwangilar yin ƙananan bajoji na katako da gwamnati ke sayarwa don asusun taimakon hunturu.

Bayan yaƙin duniya na biyu yankin ya faɗa ɓangaren da Tarayyar Sobiyet ke iko da shi, wanda ya zama Jamus ta Gabas. Sai ramukan suka sake farfaɗowa, wannan karon don yuraniyom da Sobiyet ke buƙata wajen haɗa makamin nukiliya. Kamfanin Wismut ya kwaso dubban ma'aikata, kuma kafin a daina a 1990 an fitar da sama da tan 200,000. Johanngeorgenstadt, garin da aka ƙera bakan kyandir na farko, ya kumbura har mutanensa suka kai kusan 45,000 a farkon shekarun 1950, aka kuma rushe mafi yawan tsohon garin saboda ramuka sun cinye ƙarƙashinsa. Tsohuwar cutar huhu ta dawo ta kwashi dubban mahaƙa. Yau mutanen garin ba su kai 4,000 ba.

Su kuma masassaƙa, gwamnatin gurguzu ta haɗe da yawansu cikin kamfanonin hukuma, musamman a 1972. Ba ta damu da addini ba, amma ta damu da kuɗin waje, don haka mafi kyawun kayan ana tura su Jamus ta Yamma da Amurka, inda sojojin da suka yi zama a Jamus suka riga suka kai su gida a matsayin tsaraba. Mutumin Saksoni kuwa sai yana da hanya kafin ya sami abin da maƙwabcinsa ya sassaƙa. Mai tukwane ke nan da ke dafa abinci a kasko.

Baƙo a Disamba

Bayan haɗewar Jamus a 1990 aka rufe ramukan kuza na ƙarshe, na Ehrenfriedersdorf a 1990, na Altenberg a 1991. Masana'antu da yawa suka durƙushe, matasa suka yi yamma neman aiki. Abin da ya rage a hannun garuruwan shi ne itace da tarihi, da kuma makonni huɗu na kafin Kirsimeti.

Wanda ya je Seiffen a waɗannan makonni zai tarar da babban titin garin ya zama kasuwa daga farko har ƙarshe, manyan motocin baƙi sun cika filin ajiye motoci. Zai shiga shagunan masassaƙa ya ga ana aiki, ya shiga gidan tarihin kayan wasa da aka buɗe a 1953, ya kuma je wani gidan tarihi na fili a bakin gari inda har yanzu ake nuna yadda ake juya zoben dabbobi a wani tsohon ɗakin aiki na 1760. A kan tudu akwai 'yar majami'ar garin mai kusurwa takwas, wadda aka gama a 1779. Masassaƙa sun kwaikwayi siffarta sau ba adadi, tare da yaran nan masu baƙaƙen alkyabbu da fitilu da ke bi gida-gida suna waƙoƙin biki. Iska tana ɗauke da ƙanshin turare da gasasshen nama da ruwan inabi mai zafi da kayan yaji, akwai mai giya akwai kuma marar giya da ake yi don yara.

Abin da ya fi tara jama'a shi ne faretin mahaƙa. Ƙungiyoyi daga garuruwa daban-daban sukan fito cikin kayan ado irin na da, baƙaƙe da farare, da dogayen huluna masu gashin tsuntsu, riƙe da fitilu da gatura, 'yan badujala suna biye. Kowane gari da ranarsa, kuma na rufewa, wanda ya fi kowanne girma, a Annaberg ake yin sa ranar Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti. Da yawa daga masu faretin jikokin mahaƙa ne da ba su taɓa haƙa ba. A daren biki kuma iyalai sukan ci abinci kala tara, kowanne da fatan da ke tare da shi: dunƙulen dankali don manyan kuɗi, wani ƙaramin wake don kada canji ya yanke a gida. Fatan mutanen da suka san rashi ke nan. A 2019 hukumar UNESCO ta sa yankin ma'adinan cikin wuraren tarihi na duniya, wurare 22, 17 a Jamus, 5 a Cek.

Sai dai rayuwar da ta dogara ga wata ɗaya tana da haɗarinta. A 2020 da 2021 annobar korona ta sa aka soke kasuwannin Saksoni, a karo na biyun ma bayan an riga an kafa rumfuna an zuba kaya. Ga kuma kayan kwaikwayo masu araha daga masana'antun Asiya, waɗanda baƙo ba zai iya bambanta su da na gaske daga nesa ba. Ƙungiyar masassaƙan yankin, wadda aka kafa a 1990, ta fito da tambarin da ake liƙa wa kayan asali don mai saye ya gane. Babbar damuwarsu ita ce magada, domin juya zoben dabbobi aiki ne da ke cin shekaru kafin hannu ya faɗa, kuma masu iya shi yanzu 'yan kaɗan ne. Idan suka tafi ba su bar kowa ba, za a ci gaba da kunna fitilu a Disamba, amma kayan da ke kan rumfa za su zama na wani wuri.

Azurfa ta tara mutanen nan, kuza ta riƙe su, yuraniyom ya cinye wasunsu, kuma duk ukun sun ƙare. Abin da mahaƙi yake yi da wuƙarsa da dare don ya sami na burodi, shi ne ya rage yana ciyar da jikokinsa. Don haka idan hoton rumfa mai fitilu ya sake wucewa ta wayarmu a wannan wata, mu tsaya mu duba ko akwai bakan kyandir a taga, da sarki mai manyan haƙora a kan tebur. Yanzu mun san inda suka fito.